Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Bauchi Kan Hulɗar Jiharmu da Hukumomin Duniya

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Bauchi,
Sanata Bala Abdulƙadir Muhammad, Ƙauran Bauchi,
Gidan Gwamnati, Bauchi.



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina roƙon Allah ya dafa maka kan nauyin al'ummar da ya ɗora a wuyanka, ya sa ka gama lafiya. Ina kuma isar da gaisuwar ban girma ta hannunka ga Mai Martaba Sarkin Bauchi, Alhaji Dakta Rilwanu Sulaiman Adamu, da sauran iyayen ƙasa na wannan jiha.

Ni dattijo ne mazaunin Ƙofar Wambai, tsohon malamin makaranta, kuma ina cikin waɗanda ke raka ma'aikatan lafiya gida-gida idan an fito rigakafi a unguwarmu. Ba tarbiyyarmu ba ce mu yi wa shugaba magana a bainar jama'a. Mun bi ta ƙasa, mun kai tambayoyinmu inda ya kamata a kai, da baki da kuma a rubuce. An karɓe mu da mutunci, amma amsa ba ta zo ba, lokaci kuma ba ya jira. Kai da ka fara neman abincinka da aikin jarida ka fi ni sanin cewa idan hanya ta toshe, alƙalami ne ke rage wa talaka.

Maganar da ta kawo ni ita ce ta manyan hukumomin duniya da ke aiki a jiharmu, waɗanda tambarinsu ke jikin allunan asibitocin unguwa, da bangon azuzuwa, da ƙofofin fararen motocin da ke wucewa ta titunanmu. Talakan Bauchi yana ganinsu kullum, yana cin moriyarsu, wani lokaci ma da sunansa ake cin bashi a wurinsu, amma bai san wa ke biya ba, bai san wa zai tambaya ba idan abu ya tsaya. A duk jerin masu sa hannu a waɗannan takardu, kai ne wanda muka zaɓa da ƙuri'armu kuma muke iya gani da idonmu. Shi ya sa wasiƙar ta zo gare ka, ba ta tafi Niyok ko Janiba ba.

Ba na cikin masu kallon waɗannan hukumomi da ƙyama, kuma ɗan Bauchi ba shi da hujjar yin haka. Ranar 7 ga Oktoba 1960, kwana shida bayan samun 'yanci, ɗan garin nan, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ne ya tsaya a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi jawabi da sunan Najeriya, ranar da aka karɓe ta a matsayin ƙasa ta 99. Kabarinsa na nan cikin gari, yaranmu na makaranta suna kai masa ziyara. Hajiya Amina Mohammed, wadda ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar a 2017, 'yar Gombe ce, Gombe kuwa sai a 1996 aka cire ta daga jikinmu. Farfesa Muhammad Ali Pate na Misau ya riƙe sashen lafiya na Bankin Duniya kafin a naɗa shi Ministan Lafiya a 2023. Muna da hannu a wannan tafiya tun farkonta, don haka muna da bakin yin tambaya.

Sai dai ƙauna ba ta hana a faɗi yadda aka tsara abin. An kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 da ƙasashe 51, lokacin da kusan duk Afirka ke hannun Turawa. Yau mambobinta 193, kowace ƙasa da ƙuri'a ɗaya a Babban Zaure, amma yawancin abin da ake yankewa a can shawara ce, ba ta tilasta kowa. Ƙarfin tilastawa yana Kwamitin Sulhu, inda Amurka da Rasha da Sin da Birtaniya da Faransa ke da zaman dindindin da ikon hawa kujerar na-ƙi. Afirka mai ƙasashe 54 ba ta da ko ɗaya, duk da tun 2005 ta haɗa baki a Ezulwini tana neman kujeru biyu. A Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, waɗanda aka amince da kafa su a taron Bretton Woods na 1944, lissafin ya fi fitowa fili. Nauyin ƙuri'a gwargwadon jarin ƙasa ne, tamkar adashin da mai zubi mafi tsoka ke da ta cewa. Amurka ita kaɗai na riƙe da kusan kashi 16 cikin 100, abin da ya ishe ta hana duk wani babban sauyi da ke buƙatar amincewar kashi 85.

Na san gyaran wannan ba aikinka ba ne, aikin Abuja ne da Tarayyar Afirka. Na kawo shi ne saboda abin da yake haifarwa a nan ƙasa. Asusun kula da yara, UNICEF, da gudummawar ganin dama kaɗai yake tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, abin da ƙasashe ke biya mata na wajibi ƙaramin kaso ne na kasafinta, saura gudummawa ce wadda galibi mai bayarwa ke gindaya inda za a kashe ta. Ke nan kowace hukuma fuskarta na kallon mai ba ta kuɗi. Rahotonta sama yake hawa, zuwa majalisun dokokin ƙasashen da suka bayar. Babu wani tsani a tsarin da ke saukowa da bayani zuwa ga matar da ta kai ɗanta awo. Idan gwamnatin jiha ba ta kafa wannan tsanin ba, babu mai kafa shi.

Ka dubi tafiyar maganin rigakafi, ranka ya daɗe. Gavi, ƙawancen da aka kafa a shekarar 2000 mai hedikwata a Janiba, shi ke tara kuɗin allurai da dama yana haɗawa da kason Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke tantance ingancin maganin. UNICEF ke saye ta hannun sashensa na kayayyaki da ke Kofanhegan a ƙasar Denmak. Hukumar lafiya matakin farko ta tarayya ta karɓa, ta turo ɗakin sanyi na jiha, daga nan zuwa firjin asibitin unguwa. Ƙarshen wannan doguwar tafiya shi ne kafaɗar wata yarinya mai hijabi, rataye da akwatin sanyi, tana sallama a zauren gida da hantsi. Ta ɗiga wa yaro a baki, ta shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, abokiyar aikinta ta ciro alli ta yi rubutu a jikin ƙofa. A nan ne kuma uwar yaron ke leƙowa ta yi tambayar da na sha ji a gidaje da yawa: kullum ɗigon baki kyauta har gida, to don me idan zazzaɓi ya kama shi sai na sayi magani? Yarinyar ba ta da amsa, ni ma da nake rakiya ba ni da ita. Amsar tana cikin yadda aka rarraba kuɗin tun daga sama, kowane da igiyarsa, na shan inna daban, na gidan sauro daban ta hannun Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, na tamowa daban. Uwar nan ba jahila ba ce, tambayarta na kan hanya, kuma rashin amsa ne ke mayar da ita mai ɓoye yaro a ɗaki.

Mun ga inda rashin bayani ya kai mu. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin an gurɓata maganin, zargin da ya samu wurin zama a zukata domin mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi kan yara a Kano a 1996 ba. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Ba a shawo kan lamarin da tsawa ba. Sai da aka zauna da malamai, aka kawo magani daga Indunusiya a 2004, daga baya a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko ƙarƙashin inuwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali ranar 25 ga Agusta 2020, nasarar ta mai unguwa ce da liman da ungozoma kamar yadda take ta Janiba. Haɗin kan manya ya yi aiki ne ranar da aka yarda a yi wa na ƙasa bayani.

To ga kokenmu na farko, kuma shi ne mafi nauyi: ba mu san wanne ne kyauta wanne ne bashi ba. Idan aka ƙaddamar da aiki, sai mu ji a rediyo an ce da tallafin Bankin Duniya. Mai sauraro ya ɗauka sadaka ce. Alhali mafi yawan kuɗin da reshen bankin mai kula da ƙasashe matalauta ke ba Najeriya rance ne, mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, amma rance. Jiha ba ta karɓa kai tsaye. Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ke sa hannu ta miƙo, idan lokacin biya ya yi kuma a zare daga kason jihar na wata-wata tun kafin ya baro Abuja. Aikin gyaran ruwan birane da aka amince da shi a 2014 kan dala miliyan 250 don Bauchi da Ekiti da Ribas, wanda ya taɓa matatar ruwa ta Gubi, ta wannan hanya ya zo. Haka shirin ACReSAL na dala miliyan 700 don farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja, haka AGILE na karatun 'yan mata da aka shigar da Bauchi cikinsa bayan ƙarin kuɗin 2023, haka RAAMP na hanyoyin karkara. Ayyuka ne masu amfani, ban ce a ƙi su ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma da kuɗin waje aka ci shi, da kuɗin waje za a biya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ke nan bashin da aka ci jiya ya ninka fiye da sau uku a lissafin naira ba tare da an ƙara ko bututu ɗaya ba. Yaran da ke aji ɗaya yau su ne za su ƙarasa biya. Magidancin da har yanzu yake sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa yana da haƙƙin sanin nawa aka ranto da sunansa, ina aka kai bututun, nawa ake zarewa kowane wata.

Kada a ce mana ba zai yiwu ba. Daga 2018 Bankin Duniya ya kawo wani shiri na dala miliyan 750 da ke ba jihohi lada idan sun wallafa kasafin kuɗinsu da rahoton binciken asusunsu a intanet a kan lokaci, kuma jihohi suka yi ta rige-rigen cika sharaɗi. Abin da aka iya yi don a gamsar da Bankin Duniya, ana iya yin sa don a gamsar da Ƙofar Wambai.

Koke na biyu shi ne abin da ya faru a 2025, da shirun da ya biyo baya. Ranar 20 ga Janairu na shekarar, gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, ta kuma bayyana ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya. Zuwa farkon Yuli an rufe hukumarta ta ba da tallafi, USAID. A watan Yuni Amurka ta ce ta daina zuba kuɗi a Gavi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage kasafinta na 2026 zuwa 2027 daga dala biliyan 5.3 zuwa 4.2. Jihohi kaɗan ne wannan ya shafa kamar Bauchi, domin mu da Sakkwato ne USAID ta fi mayar da hankali a kanmu shekara da shekaru. Nan aka gudanar da shirin TSHIP na lafiyar mata da yara daga 2009 zuwa 2015. Nan aka kawo littattafan Mu Karanta na koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa, kuma a matsayina na wanda ya tsufa da alli a hannu, na ga bambancin yaron da ya fara haɗa baƙi da wasali da harshen uwarsa da wanda aka fara masa da haddar abin da bai fahimta ba. Littafi yana yagewa, ranka ya daɗe. Wanda yara uku suka yi wa rubdugu a benci ɗaya ba ya wuce shekara biyu. Wa zai sake bugawa?

Gwamnatin tarayya ta ware ƙarin dala miliyan 200 a kasafin 2025 don toshe giɓin lafiya, mun ji wannan. Abin da muke jira shi ne lissafin jiharmu: waɗanne ayyuka ne suka tsaya, waɗanne jiha ta ɗauka, waɗanne aka bari. Tafiyar masu tallafi ba ta zo da mamaki ba. Yarjejeniyar rigakafi da Bauchi ta sa wa hannu a 2014 tare da Gidauniyar Gates da Gidauniyar Ɗangote da USAID an gina ta ne a kan cewa kason jiha zai riƙa ƙaruwa har ta ɗauki nauyin duka. Gavi ma ta tsara da Najeriya cewa zuwa 2028 ƙasar za ta tsaya da ƙafarta wajen sayen allurai. Cututtukan kuwa ba su rage kasafinsu ba. Mashaƙo ya shigo jiharmu a 2023, zazzaɓin Lasa yana sa sunan Bauchi cikin jihohin da ya fi addaba kusan kowace shekara, ga tamowa da ta sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiya a Kafin Madaki ta ƙaramar hukumar Ganjuwa tun 2022. Abin kunya ne a gare mu duka a ce ran yaron Bauchi ya rataya a kan sakamakon zaɓen wata ƙasa.

Koke na uku ya shafi mutanen da ke yin aikin. Da yawa daga cikin masu bi gida-gida, da masu awon yara, da masu cike takardun ƙididdiga, 'yan sa-kai ne da ɗan alawus ɗinsu ke fitowa daga aljihun masu tallafi. An kashe kuɗi an horar da su, sun san kowane lungu, matan gida sun saba da fuskarsu. Idan shiri ya ƙare sai su watse, wata ta koma saƙa, wani ya hau acaɓa, sabon shiri ya zo a sake horar da wasu daga farko. Ga kuma kason haɗin gwiwa da ake sharɗanta wa jiha kafin a saki kuɗin waje. Duk jinkirin wata ɗaya wajen biyansa jinkiri ne na magani a kan kanta. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za a riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Warewa a takarda daban, sakin kuɗi daban, kuma na biyun ne muke son a nuna mana.

Na huɗu gajere ne. Duk takardun nan da Turanci ake rubuta su, tarukan kuma a otal ake yi. Mai unguwa da limami, waɗanda za a nema da sassafe idan wani magidanci ya hana a yi wa 'ya'yansa rigakafi, ba a gayyatarsu ranar tsarawa, sai ranar rarrashi.

Ranka ya daɗe, mun ga tituna da gadojin sama da ke sauya fuskar birnin nan, ba mu musa ba. Idan kana da kyau ka ƙara da wanka. Don haka muke roƙonka, da girman Allah da girman amanar da ke hannunka, ka ba da umarni a fitar da takarda guda da Hausa, wadda za ta jera kowane shiri na hukumomin waje da ke gudana a ƙananan hukumomi 20 na jihar nan: wa ya kawo, kyauta ne ko rance, nawa ne, shekara nawa za a yi ana biya, nawa ake zarewa daga kason jiha, yaushe zai ƙare. A karanta ta a gidan rediyon jiha, a liƙa ta a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da fadar kowane hakimi, a riƙa sabunta ta duk shekara. Muna roƙon kafin a sake sa hannu a wani sabon rance, Majalisar Dokoki ta yi zaman jin ra'ayin jama'a a fili, da harshen da jama'ar ke ji.

Muna roƙon ka fito da kanka ka faɗa mana abin da ya tsaya bayan rufe USAID da abin da jiha ta gada, ka kuma ware layi na musamman a kasafin kuɗi don abincin yara masu tamowa da sake buga littattafan karatun Hausa na firamare, yadda ba za su dogara da zuwan wani ko tafiyarsa ba. A riƙa biyan kason haɗin gwiwa a kan lokaci, a sanar da ranar da aka biya. A duba 'yan sa-kai da suka daɗe suna wannan hidima, a ɗauki waɗanda suka cancanta aikin dindindin kafin su gama watsewa. Idan kuma za a zauna da wakilan waɗannan hukumomi don tsara aikin shekara, a sa kujerar masarauta da ta kwamitocin unguwanni da ta matan da ke ɗaukar akwatin sanyi, a kuma nemi hukumomin su haɗa ayyukansu, yadda ranar da aka zo ɗigon baki za a zo da maganin zazzaɓi da awon tamowa a tafiya ɗaya.

Kana zama a Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa da Ƙungiyar Gwamnoni, inda ake tattauna rancen waje da rabon nauyi tsakanin tarayya da jihohi. Muna roƙon ka kai wannan magana can, ka nemi a sa bayani ga jama'a da harsunansu ya zama sharaɗi a kowace yarjejeniya da za a ƙulla da sunan jihohi. Muna kuma roƙon amsar wannan wasiƙa ta zo a fili kamar yadda wasiƙar ta fita a fili, ko ta bakinka ko ta bakin kwamishinan da ka wakilta.

Allah ya taimake ka, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Wani dattijo daga Ƙofar Wambai,
Birnin Bauchi.